Afuwar Da Ta Tsallake Ni Ta Faɗa Kan Taubashina

Lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne a Kiyako, ɗan mai unguwa, mai ji da kai, wanda bai saba a ce masa ya yi kuskure ba. Jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Kano ba. Ina da taubashi, ɗan kawuna na Dingaya, wanda tun muna yara na mayar da shi abin tsokana saboda sanyinsa. Wata kaka ya zo taya ni yankan dawa, shanu suka faɗa mana gona, faɗa ya kaure tsakaninmu da makiyaya, har ɗayansu ya rasa amfanin hannunsa. Ni na kai saran, shi sanda kawai ya ɗaga, amma aka yanke mana ɗauri iri ɗaya.

Bayan farar hula sun karɓi mulki, sai kwamitin da ke bai wa gwamna shawara kan afuwa ya ziyarci gidan yarin da muke. Suka tambayi kowa ko ya yi nadama. Ni na ce ai shanu ne suka fara, kuma ko gobe aka shigar mini gona ba zan tsaya kallo ba. Taubashina kuwa kuka ya fashe da shi, ya ce hannun mutumin nan ya hana shi sakat. Da muka fito daga gabansu na yi ta yi masa dariya. Ranar bikin 'yancin kai aka kira sunansa cikin waɗanda aka yi wa afuwa, ba a kira nawa ba. Ya bar mini bargonsa, ya miƙo mini hannu, na kau da kai.

Daga ranar hassada ta kama ni, kuma ba na jin kunyar kiranta da sunanta. Mahaifiyata, wadda ƙafa ta fara gagararta, takan lallaɓo ta zo duba ni, amma bakinta ba ya gajiya da labarinsa. Ya gyara mata danga, ya tara gayya an nome gonata, yana kai ta asibiti a kan kekensa. Ita tana faɗa don ta kwantar mini da hankali, ni kuwa ji nake ya cinye 'yancina, yanzu kuma zai cinye uwata. Na matsa wa yayana ya samo lauya a Birnin Kudu. Na ce a shigar da ƙara, ko dai a sake ni ko a dawo da shi, kuma Allah ya sani na biyun na fi so. Lauyan ya ja kunnena cewa ba a cika cin irin wannan shari'a ba, na ƙi ji. Mahaifiyata ta roƙe ni in janye, ta ce ɗan ɗan'uwanta ne fa. Na ce mata ta zaɓi ɗanta a cikinmu. Ba ta sake zuwa ba.

Shari'ar ta yi ta jan ƙafa. A ƙarshe alƙali ya ce tsarin mulki ne ya ba gwamna wannan iko, kuma tun da an nemi shawarar kwamiti kamar yadda doka ta tanada, ba aikin kotu ba ne ta tambayi dalilin zaɓen wani a bar wani. Ya ce afuwa jin ƙai ce, ba haƙƙin da ake ƙwata ba. Sai bayan an kori ƙarar na ji sauran labarin. Ashe taubashina ya je har rugar mutumin da na sara, ya durƙusa ya nemar mini yafiya, ya kai maganar gaban kwamiti. Suka ce ba za su taɓa sunan wanda maganarsa ke gaban kotu ba. Zagayen afuwa na gaba ya wuce ni, kuma a cikin wannan tsakanin mahaifiyata ta rasu. Shi ya ɗauki makararta, shi ya sa ta a kabari. Wallahi har wannan ma na yi masa hassada.

Na cinye wa'adina cif. Ranar da na fito shi kaɗai na tarar a bakin ƙofa, ya jingina da kekensa. Na yi zaton zai tsokane ni irin ta taubasai, ko ya goranta mini. Sai ya dube ni ya ce, "Goggo ta ce in gaya maka ta yafe maka."

Yau gashina ya yi fari, amma ban daina jin wannan magana ba. Na gane cewa fitarsa ba ta rage mini komai ba, ni ne na ƙara wa kaina zama da hannuna. Duk wanda ya ga an ji ƙan ɗan'uwansa an bar shi, ya danne zuciyarsa ya taya shi murna, don wataƙila ta hannunsa tasa za ta zo. Na kai ƙara a kan afuwar gwamna, ga shi afuwar da na fi bukata a duniya ma a bakinsa na ji ta, ba a bakin mahaifiyata ba.