Kantar Sama a Ɗakin Yara

Gara tana da wayo. In ta shiga littafi sai ta cinye cikinsa tas, ta bar maka bangon baya da sunan littafin raɗau. Haka ta yi wa kantocin sama biyu a ɗakin yara na laburaren da nake aiki a Lafiya. Zubar da su kuwa ba ya yiwuwa, domin kowanne yana ɗauke da hatimin gwamnati, kuma kayan gwamnati ba a taɓa shi sai kwamiti ya zauna. Kwamitin nan tun ina sabuwar ma'aikaciya nake jin labarinsa, ban taɓa ganin ƙeyarsa ba.

Ɗakin yaran nan ni na yi naci aka buɗe shi. Duk Asabar yake cika da 'ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata, har da wasu da uwarsu ke kawowa daga hanyar Obi a bayan mashin.

A lokacin ina da shafi a intanet, abin da ake ce wa bulog. Duk taron ma'aikatan laburare da na je, da an tashi da yamma sai in faɗa kafe, wato shagon intanet, in rubuta abin da aka tattauna, saboda abokan aikin da ba a tura ba. Masu karantawa ba su taka kara sun karya ba, amma ni ji nake kamar gidan jarida gare ni.

Sai wata shekara taron ya faɗo Lafiya. A al'ada, ranar ƙarshe baƙi kan ziyarci laburaren masu masaukin baƙi. Oga, wato shugabanmu, ya sa aka yi fenti, aka goge bangon littattafan saman nan da ɗanyen tsumma har suka yi sheƙi.

Ranar farko wata dattijuwa daga Kalaba ta yi jawabi a kan tsame matattun littattafai daga kanta. Maganar ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Da yamma na rubuta komai, na ƙara da cewa mu ma muna da littattafan da bango kawai ya rage musu, a ɗakin yara ma kuwa. Na biya mai kafe na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Washegari Oga ya tare ni a bakin zauren taro. Wani ya karanta ya ba shi labari. Ya faɗa ni da gurguwar Hausarsa.

"Madam, ke ne ka rubuta wannan abu?"

"Ni ce, Oga. Ai gaskiya ce."

"Na tambaye ki gaskiya? Jibi babban mutum daga ministiri zai zo tare da baƙi. In wani ya ja littafi ɗaya a wancan wuri, ƙasa ya zuba a gaban shi, za su ce ɗakin bai dace da yara ba. Ni da kaina zan sa kwaɗo, sai komiti ya zauna. Kin ji ko?"

Na ji sarai. Raina ya ɓaci, har bakina ya ɗauko amsa na haɗiye ta, domin na san in kwaɗon nan ya hau ƙofar, ya hau ke nan. Na koma kafe da niyyar goge rubutun, na tarar an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Da na samu shiga daga baya, har dattijuwar ta bar saƙo a ƙasan rubutun, wai tana ɗokin ganin ɗakin da idonta.

Ranar ziyara ta zo. Na jera sababbin littattafan hotuna a teburin tsakiya don su ɗauke hankali, na tsaya da bayana ga kantar kamar mai tsaron ƙofa. Baƙi suka shigo, babban mutumin a gaba da babbar rigarsa, Oga a gefensa yana ta bayani yana share gumi. Aka yaba fenti, aka yaba ƙananan kujeru, aka ɗauki hoto.

Dattijuwar ba ta ko kalli teburin ba. Ta tambaya wace ce mai bulog, aka nuna ni. Ta riƙe hannuna ta ce na iya rubutu, sannan ta ce in ɗan matsa mata. Na matsa, me zan ce wa sa'ar mahaifiyata?

Ta ɗaga hannu ta sa yatsa a kan wani littafi mai kauri, ta jawo shi a hankali. Ina ganin wani siririn garin ƙasa yana zubowa a kan hannun rigarta. Babban mutumin ya juyo ya ce, "Mama, kin samu wani mai kyau ne?"

Ta dubi littafin, ta dubi Oga, ta dube ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta dai mayar da shi da yatsa ɗaya, ta kakkaɓe hannun rigarta ta bayan jakarta, ta ce masa tana da irinsa a Kalaba. Da za ta fita ta raɗa mini cewa nata matattun littattafan a kantar ƙasa suke, kuma ita ma kwamitinta take jira.

Ba a sa kwaɗo ba. Da yamma na rubuta cewa baƙi sun yaba ɗakin yara, na tsaya a nan. Ban yi ƙarya ba, amma ban taɓa tashi daga gaban kwamfuta da takaici irin na ranar ba.

Asabar ɗin da ta biyo yara suka cika ɗaki. Wata 'yar mai sayar da doya, wadda ta gama da duk littattafan ƙasa, ta ja mini zani tana nuna sama.

"Anti, sauko mini da wancan ja."

"Wannan ba a karanta shi."

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon kantar.

"To, Anti, me yake yi a nan?"