Yadda Muka Mai da Baba Nomau Jarumin Yaƙin Bama

Ko me tsufa zai goge mini a kai, ba zai goge ranar da makarantarmu ta karrama Baba Nomau ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in ajiye alli, to ku gyara zama, musamman ku sababbin malamai da har yanzu kuke ganin in mutum ya riƙe gaskiya ya gama aiki.

Wajen shekara ashirin ke nan. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke tsakanin Kura da Bunkure, ba sai na kama suna ba. Malamin tarihi kuwa a lokacin ba a ɗauke shi bakin komai ba. In an rasa mai tsaron masu makara, ni ne. In akuya ta shiga lambun makaranta, a kira Malam Habu. A cikin abin da nake koya wa manyan ɗalibai akwai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wato yadda Turawan mulki suka kwashi samarinmu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka tura su dazukan Bama suka kara da sojan Japan a 1944 da 1945. Ina karantawa yara suna hamma.

A bayan katangar makarantar akwai magudanar ruwan noman rani, a gefenta kuma akwai wata 'yar gonar tumatir ta wani tsoho siriri mai nauyin ji, shi ne Baba Nomau. Wata rana na tsaya sayen tumatir, hira ta yi hira, sai ya ce mini ai shi ya je Bama. Na zauna a kan kunya ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Baba ba ɗan bindiga ba ne. Dajin da aka kai su babu hanyar mota, saboda haka rundunar tana da rukunin mutane na musamman da aikinsu ɗaukar kaya a ka: akwatunan harsashi, kayan rediyo, abinci, da wanda aka harba in ya kasa tafiya. Makaminsu adda, ita ma don saran gora ne a buɗe hanya. Ya ba ni labarin kwarin Kaladan, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shan jinin mutum ta cikin takalmi, da ƙwayar zazzaɓi da ake tilasta musu haɗiya har idonsu ya koma rawaya. Ya ce abincinsu jirgin sama ne yake jefo shi a ɗaure da laima, wani buhun ma ba laima, in ya sauka a kan mutum sai dai a yi masa sutura.

Na ce, "Baba, wallahi haka yake a littattafai."

Tsohon nan ya kama hannuna ya riƙe. Ashe tun da ya dawo daga yaƙi ba wanda ya taɓa gaskata shi a garinsu. Sunansa ma Nomau Shinkafar-sama. In wani ya shirga ƙarya a majalisa sai a ce, "Kai, yau kuma daga Bama kake?" Shugaban masu tsokanar wani wanzami ne, Ɗanlami, wanda kullum tambayarsa ɗaya: wane irin soja ne ya je yaƙin duniya ya dawo bai harbi ko kurciya ba? Jikokin Baba ma in ya fara labari sai su riƙa ƙyafta wa juna ido.

Ya ce, "Malam, ba na son komai a wurinka. Ka tsaya a gaban mutanen garinmu in faɗa da bakina, kai kuma ka ce haka ne. Kada in mutu ina maƙaryaci."

Na yi masa alkawari.

Sai ga bikin ba da kyaututtuka na makaranta ya matso. Na kai maganar wurin shugabanmu, Alhaji Lawan, mutum mai son taro kamar me. Da ya ji akwai tsohon sojan yaƙin duniya a bayan katangarsa, har tashi ya yi daga kujera. Dama yana neman abin da zai burge wani Honorabul da ya gayyata, ko Allah zai sa ya rufa mana ajujuwan da iska ta yaye.

Na kawo masa Baba ofis. Ya dube shi sama da ƙasa, murnarsa ta ragu.

"Baba, Japanawa nawa ka kashe?"

"Ban kashe kowa ba, Alhaji. Dako na yi."

"Ko harbi ɗaya? Ko a iska?"

"Ba a ba mu bindiga ba."

Bayan Baba ya fita, shugaba ya ce, "Malam Habu, na ce ka kawo mini soja ka kawo mini ɗan dako." Duk da haka bai fasa ba. Ya sa aka aro kakin maigadi, aka kuma aro harbi-ka-ruga a wurin wani mafarauci don Baba ya rataya. Kakin dai Baba ya sa, don ya fi rigarsa kauri. Bindigar kuwa ya ce abin da bai riƙe yana saurayi ba, ba zai riƙe da furfura ba.

Yanzu bari in yi wa waɗanda ba 'yan yankin ba bayanin wani abu. Noman rani a wajenmu da juyi ake yin sa. Kowane ɓangare yana da ranarsa da ake buɗe masa ruwa, in ranar ta wuce ka, sai wani zagayen. Tumatirin da ya fara fure kuwa ba ya jiran wani zagaye, zubar da furen zai yi, shekararka ta tafi ke nan. Duk yaron da ke makarantar ya san wannan. To ranar da mutanen Honorabul suka tsayar ta faɗo daidai ranar ruwan garin su Baba.

Na faɗa a taron kwamiti. Shugaba ya cire tabarau ya ce, "Malam Habu, ruwa ne zai jira Honorabul, ko Honorabul ne zai jira ruwa?" Aka yi dariya, har da waɗanda su ma suke da gona a ɓangaren. Aka ce ai sai bayan azahar ruwan yake isowa, mu kuwa da hantsi za mu gama. Na roƙa a sa Baba a farkon tsari. Aka ce ina! Tsari shi ne addu'a, gabatar da manyan baƙi, jawabin maraba, jawabin shugaban iyaye, jawabin babban baƙo, sannan sauran tarkace. Ni da Baba muna cikin tarkace.

Ranar ta zo. Garin su Baba ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, don na bi majalisa-majalisa na gayyace su. Ɗanlami wanzami ya kama bencin gaba, ya ce yau zai ga yadda ake jefo shinkafa daga sama. Baba yana gefena cikin kakin maigadi, tun safe yake maimaita abin da zai faɗa a hankali, leɓensa yana motsi.

Hantsi ya yi, babu Honorabul. Rana ta take, babu Honorabul. Shugaba ya ga mutane sun fara gundura, sai ya yafito mai gabatarwa ya raɗa masa magana. Mai gabatarwar nan haya aka yi, sunansa Ɗan'azumi, a gidajen biki yake aiki, shi da lasifikarsa da janaretonsa. Mutumin da zai iya wasa bazawara ta koma budurwa kafin a gama raba goro.

Ya gyara murya. "Jama'a, kun san wanda ke zaune a cikinku? Ga zakin Bama! Ga mutumin da ya shiga daji da adda ɗaya ya share bataliya guda ta Japan! Harsashi in ya doso shi ruwa yake zama! Sarkin Ingila da kansa ya ce a kawo masa shi ya gani!"

Wuri ya kaure da kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Na ga Ɗanlami ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Baba ya taɓa ni. "Malam, me yake cewa? Na ji kamar sunana."

Na sunkuya na gaya masa a kunne, ban rage komai ba. Ya yunƙura zai tashi, mataimakin shugaba ya dafa kafaɗarsa ya ce lokacinsa bai yi ba. Na tafi wurin shugaba raina a ɓace, na ce, "Yallaɓai, ƙarya ake yi wa tsohon nan a gabansa. A ba shi lasifika yanzu." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Tsari, Malam Habu, tsari. Babban baƙo bai zo ba za a ba ɗan dako lasifika?"

Sai da aka yi azahar sannan mota ta shigo. Honorabul bai samu zuwa ba, ya aiko wakili, wani saurayi mai ƙamshin turare. Aka sake gabatar da manyan baƙi daga farko saboda shi. Aka yi maraba, shugaban iyaye ya yi nasa, wakili ya karanta jawabi da Turanci, a ciki har ya jinjina wa Baba kan yadda ya fatattaki Jamusawa. Ko ƙasar ma ba a bar masa tasa ba. Rufin ajujuwa kuma ya ce zai isar da saƙo.

Can dai Ɗan'azumi ya ce, "Yanzu zakin Bama zai yi gurnani!"

Na riƙe Baba muka fita fili. Ya karɓi lasifika da hannu biyu. Ban taɓa jin taro ya yi tsit haka ba, yau ga garinsu gaba ɗaya ya ba shi kunne. Ya yi sallama, aka amsa. Ya ce, "'Yan'uwana, ina so ku ji daga bakina. Ni dai..."

Wani ɗan acaɓa ya shigo ta ƙofar makaranta yana danna ham yana ihu, "An sako ruwa! An sako ruwa!"

Jama'a, ban ga laifin kowa ba, ko ni ne da tumatir a fure da na tashi. Benci ya riƙa kifewa. Maza suka ɗage riguna, wasu ta ƙofa, wasu ta katanga. Ɗanlami wanzami, da ƙafarsa mai ciwo, ya riga samari fita. Shugaban iyaye ya bar hularsa a kan tebur. Rabin ɗalibai suka bi iyayensu, malamai uku suka sulale. Wakili ya ga kowa ya miƙe, ya ɗauka an tashi, ya nufi mota, shugaba ya bi shi yana tuna masa zancen rufi. Ɗan'azumi ya duba ya ga ba manyan baƙi, ya kashe janareto don kada mai ya ƙone a banza.

Baba bai daina ba. Da lasifikar a mace a hannunsa ya ci gaba. Ya ce bai taɓa kashe kowa ba. Ya faɗi yadda shi da wasu suka ɗauko wani kofur da aka harba a ciki, suka hau dutse da shi cikin ruwan sama, suka sauko, da suka isa wurin likita ashe gawa suke ɗauke da ita tun a hanya. Ya ce wannan ne babban aikin da ya yi a yaƙin, kuma bai yi nasara ba. Masu sauraro ni ne, da 'yan matan da aka sa su kwashe kujeru, da maigadi da ke jiran kakinsa. Da ya gama na cika alkawari. Na ɗaga murya na ce duk abin da Baba ya faɗa haka yake. Maigadi ya ce, "Allah sarki."

Baba ya miƙa mini lasifikar ya ce, "Malam, kai ni gona. Ni ma yau ne ruwana."

Kafin mako ya zagayo, ba mai cewa Shinkafar-sama. Ya koma Zakin Bama. Ɗanlami yana rantsuwa a majalisa cewa shi dama ya sani, irin waɗannan mutanen ɓoye kansu suke yi. Samari suka fara zuwa gonar Baba suna durƙusawa, wai ya taimaka musu da maganin bindiga. In ya ce ba shi da shi, sai su ce rowa ce irin ta manya. Na je majalisar da kaina na yi bayani tun daga Indiya har Kaladan. Ɗanlami ya ce, "Haba Malam, ban da hassada. A lasifika fa aka faɗa, a gaban wakilin Honorabul." A jarrabawar ƙarshen zango ɗalibaina da dama suka rubuta mini adda ɗaya da bataliya guda. Da na kai ƙorafi wurin shugaba cewa ya yi, "Mun ɗaga darajar tsoho, me kuma yake so?" Ajujuwan kuwa har na bar makarantar rana tana shiga.

To ku ji abin da na koya, ku masu tasowa. A aikin nan namu ba wanda ya fi sani ake ji ba, wanda ya riga kama lasifika ake ji. Mutanenmu ba ƙin tarihi suke yi ba, so suke a soya musu shi da mai da yaji, ɗan dako kuma ba ya soyuwa. In kuna da gaskiyar da za ku faɗa, ku faɗe ta tun kafin addu'ar buɗe taro, kada ku yarda a sa ta cikin tarkace.

Da shekara ta zagayo na kai sababbin ɗalibai gonar Baba don su ji daga tushe. Yana tsugune yana gyara kunya. Na gaishe shi, na ce ga yara sun zo jin labarin yaƙi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, da ina faɗin gaskiya ana ce mini maƙaryaci, ina iya barci. Yanzu ana gaishe ni da ƙarya, in na amsa na zama abin da suke faɗa tun farko."

Wata yarinya ta ce, "Baba, ko kaɗan ne ka ba mu."

Ya ce, "Ku je wurin Ɗan'azumi, 'yata. Shi ya je Bama."

Bai sake ba kowa labarin ba har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta biyo baya.