Ranar da Muka Yi Tsawa a Kurawa

Ko gashina ya yi fari fat, ba za ni manta ranar da na tayar da Kurawa tsaye da gangar ƙarfe ba. Shekarar fari ce, ina ɗalibar kwalejin malamai, aka tura ni gwajin koyarwa a firamaren garin. Gero ya tsiro ya ƙone a kunya, makiyaya sun fara kora shanu kudu.

Darasin ranar na kalmomin Turanci ne masu nuna ƙara: bang, roar, thunder, rumble. Na ce thunder tsawa ce, rumble kuwa rugugin hadari. Wata yarinya ta ce, "Malama, mu mun manta yadda yake." Maganar ta soke ni. Na sa aka zuba duwatsu a wata gangar ruwa da ta daɗe a bushe, muka gangara ta bayan aji, wasu na bugun kwanon rufi, kowa na ihun kalmarsa. Rabon da in ji dariyar yaran nan har na manta.

Ashe rugugin ya shiga gari. Mata suka fito da ƙore da tasoshi suna duban sama, wani tsoho har da kabbara. Sama kuwa fes. Har yau ina ganin fuskokinsu.

Shugaban makaranta, dattijo mai zafi, ya kira ni. "Ke ɗiyar nan, mi kika aikata? Mutane na roƙon ruwa, ke kina kwaikwayon ikon Allah! Ki faɗa gaban mai gari kin yi saɓo, ko in hana ki sa hannuna ki maimaita shekara."

Ni da ko tsawata wa kaza ban iya ba, sai na ji bakina na cewa, "Baba, matan za ni bi su gida-gida in ba su haƙuri, don na ɓata musu rai. Amma saɓo ban yi ba. Gobe ma darasin roar za mu yi, kuma da ƙarfi."

Na bi gidajen, muka yi darasin. Bai sa hannu ba. Na maimaita gwajin a garin Isa, ƙawayena suka riga ni gamawa, na sha kuka. Amma ban taɓa nadama ba. Abin da na koya shi ne, ba da haƙuri ga wanda ka ɓata wa wajibi ne, amma laifin da ba ka yi ba, kada tsoro ya sa ka ɗauka.