Bikin da Ba a Kai Goronsa Gida Ba

'Yata ta fari ce, don haka ko a rubutu bakina ba zai kama sunanta ba. A nan Agege ta Legas na haife ta. Da ta isa yaye na goya ta na shiga mota har garinmu a arewa, na ajiye ta a cinyar Inna, mahaifiyata, da nufin ta yi ɗan lokaci ta manta nono in koma in ɗauko abata. Inna ta riƙe yarinyar nan sai da ta isa shiga makaranta, shi ma sai da babanta ya je da kansa ya yi ta lallashi. Ta dawo mana da Hausar ƙauye a baki, yaran layinmu suna yi mata dariya, ita kuma tana kukan a mayar da ita wajen ƙawarta. Haka ita da Inna suke kiran junansu, ƙawa, har ta girma ta yi jami'a ba su daina ba.

Da aka sa ranar aurenta, ta same ni a shagona na atamfa da turaren wuta, ta zauna a kan bencin masu ciniki tana latsa waya.

Ta ce, "Mama, ba za mu wahala da kati ba. Shafi za mu buɗe."

Na ce, "Shafin me kuma?"

"Shafin biki, a intanet. Hotuna, rana, wuri, kalar anko, komai yana ciki. Ki tura wa mutum, shi ke nan ya samu gayyata. Abeg Mama, kar ki ce a'a."

Ban ce a'a ba. Gaskiya ma da ta gama haɗa shi ta nuna mini, abin ya burge ni ƙwarai. Ga ta nan da angon sun sha ado a wani gidan hoto da ke Ikeja, sun jingina da wata baƙar mota mai sheƙi, wadda mai hoton ne yake ajiye ta don irin wannan, ko taya ɗaya ba tamu ba ce. Ga taswirar zauren taron a Ogba, ga lambar wayata da ta babanta. Sai can ƙasa, inda ta ware wa dangi, na ga abin da ya sa na ajiye almakashi. Inna ce zaune a tabarma a ƙofar zaurenmu, ta ɗaura ɗankwalinta a karkace yadda ta saba, tana dariya da sauran haƙoranta. Bayanta ga kukar nan tamu da katangar masallaci. A ƙarƙashin hoton yarinyar ta rubuta, "Ƙawata, wadda ta yaye ni," ta kuma sa sunan garinmu ɓaro-ɓaro.

Ranar nan duk wanda ya leƙo shago sai ya gani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Har Bayarabiyar da ke sayar da robobi a gefena na kira ta na nuna mata uwata. Na tura wa matan unguwa, su ma suka tura wa nasu. Agege kuwa cike take da 'yan ciranin yankinmu, masu acaba da masu tura baro, kuma kowannensu wayarsa tana da hanyar gida.

Ba a yi mako ba Yayana ya kira. Shi ne a gida tare da Inna, kuma ba ya kira sai ranar kasuwa, idan ya fito inda waya ke kamawa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

Ya ce, "Ke, mi kuka yi haka? Hoton Inna na gani a hannun yara wajen mai cajin waya. Suna ta miƙa wa juna, wai ga jikar tsohuwa nan a Ikko da mota."

Na yi dariya, na ce ai biki ne, Yaya, abin farin ciki.

Ya ce, "Ku hidda shi. Yau ɗin nan."

Raina ya ɓaci. Ni dama ba a daɗe ana lallaɓa ni ba nake hawa. Na ce sata muka yi ko zina, da za mu ɓoye? Aure ne fa na sunna. Yarinya ta girmama kakarta a gaban duniya, abin da za a ce mata ke nan?

Ya bar ni na gama, sannan ya yi magana a hankali, irin maganar da mutum ke yi yana waige-waige. Ya ce ni ina Ikko ina kwana ƙarƙashin fanka, su kuwa da takalmi a ƙafa suke kwana. Ya ce mutanen daji ba sa shiga gari da ka, sai an faɗa musu gidan da za su dosa, kuma masu faɗa musu suna cikin gari, da su ake sallah, da su ake zaman makoki. Abin da suke nema shi ne tsoho ko tsohuwa mai ɗa a birni, wanda zai biya kuɗin fansa. Ya tuna mini da wani dattijo a garin da ke gaba da mu, wanda ɗansa ya ɗauki hoto a gaban wani bene da ba nasa ba. An tafi da dattijon, kuma bai dawo ba.

"Inna ko tahiya zuwa rijiya ba ta iyawa," in ji shi. "In sun kora ta cikin daji, kwana nawa za ta yi?"

Na zauna a kan ɗaurin atamfa.

Da yarinyar ta zo da la'asar na faɗa mata. Ta fara da gardama, irin ta masu boko. Ta cire sunan gari, ta ce to ai shi ke nan. Na ce kukar nan fa? Duk wanda ya taɓa cin kasuwarmu ya san ta. Ta yi wani latse-latse, kuka da masallaci suka dushe, ya rage Inna ita kaɗai. Na ce fuskar fa, akwai wanda bai san fuskar Inna ba a yankin nan? Ta ce za ta kulle shafin, sai wanda ta ba kalmar sirri zai shiga. Na ce ki kulle, amma wanda kika ba ma yana da yatsa, zai ɗauki hoton ya tura. Ta kulle ɗin. Ta cire motar, ta cire lambobin wayarmu da taswira, ta rage sunan babanta ya koma guntu. Duk wannan ta yi shi ba musu. Da aka zo kan Inna sai ta ajiye wayar a cinya.

Ta ce, "Mama, ita kaɗai ce ba za ta zo ba. Wannan ne kawai zuwanta."

Na ce, "Na sani. Cire."

Na juya ina gyara atamfar da ba ta buƙatar gyara, don kar in ga lokacin da za ta danna. Da na waiwayo, wurin ya zama fili. Daga baya ta cike shi da hoton fure.

Sai dai abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa daga Agege. Don haka Yaya ya nemo wata dabara, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Ya baza a gari cewa amaryar nan ba jininmu ba ce. Wai ɗiyar uwar ɗakina ce, wata hajiya da nake yi wa wanke-wanke a Legas, yarinyar ta taɓa biyo ni ganin ƙauye ta ɗauki hoton tsohuwa, ta rubuta abin da ta ga dama. Ni da na shekara da shekaru ina tsaye a shagona, ban taɓa wanke kwanon kowa ba sai na mijina. Na haɗiye wannan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne da matar Yaya ta gaya mini Inna da bakinta ta faɗa a gidan suna, mata cike da tsakar gida: "Yo ni ina na ga jika mai mota? Ɗiyata wanke-wanke takai, da ƙyar suke ci." Ta ce Inna har da dariya ta haɗa don a yarda, kuma an yarda. Da ta dawo gida ba ta ci tuwo ba.

Na riga na sayi goro da minti na rabon gayyata, na ware na gida daban, manyan farare, don direban da ke zuwa yankinmu ya kai. A garinmu in ba a ga goronka ba, ba ka yi biki ba. Yaya ya ce kar in kuskura. Na raba na Agege gida-gida, na gida kuwa ya zauna a kwando cikin ganyensa, kullum ina yayyafa masa ruwa kamar akwai inda za shi. Da ya fara yaushi na ba baban yarinyar ya kai wa tsofaffin masallaci.

Biki ya yi kyau, ba zan ɓata shi ba. Zaure ya cika, anko ya fito, Yarabawan layinmu sun yi rawa har sun fi mu. Ina ta murmushi ina amsa barka, amma zuciyata ba ta wajen. Bayan la'asar, da motocin kai amarya suka jeru, yarinyar ta tsaya a ɗakina cikin lulluɓi ta ce ba inda za ta sai ta ji muryar ƙawarta. Muka kira wayar matar Yaya, Allah ya taimaka ta shiga. Muna jin hayaniyar mata da ƙarar ɓarar gyaɗa, ashe maƙwabta suna tsakar gidan.

"Ƙawa," in ji yarinyar, "ni ce. Za a kai ni."

Sai muryar Inna ta fito da ƙarfi, a gyare, irin wadda take yi wa baƙi.

"Hajiya ƙarama, ina gajiya? Ashe yau ne. To Allah ba da zaman lahiya. A gaida hajiya babba, a yi mata godiyar riƙon ɗiyata."

Yarinyar ta dube ni, hawaye ya wanke kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi. Na miƙa hannu zan karɓi wayar, sai muka ji Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "Dakata." Muka ji jan ƙafarta, da numfashinta, da ƙarar ƙyauren langa-langa ana turawa. Inna ita ce mai guɗar garinmu. Babu amaryar da aka fitar a gabana tun ina yarinya da ba ita ta rangaɗa mata ba, ana jin ta har bakin rafi. Abin da ya fito daga wayar nan guɗar ce, amma a toshe, ta cusa bakin zaninta a baki, muryar tana rawa tana karyewa. Ta ja ta iya numfashinta. Ni da amarya muka durƙusa a kan wayar muna kuka, mata suna buga ƙofa wai ango yana jira.

Washegari matar Yaya ta ba ni sauran labarin. Duk da toshewar, matan tsakar gida sun ji, suka zubar da gyaɗa suka yi ɗakin a guje. Suka tarar da Inna zaune a bakin gado, fuska jiƙe. Suka ce lafiya? Ta miƙa musu yatsa ta ce kunama ce ta harbe ta. Nan da nan aka ɗaure yatsan da tsumma, aka shafa magani, aka ɗaga tabarma da tukwane ana neman kunamar. Ita kuwa tana zaune da yatsa a miƙe, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi mata sannu, tana amsawa.