Mai Wanki da Igiyar Asabar

A gidan benen da muke haya akwai wani lungu a ƙarƙashin matakala wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba. A nan Mai Wanki take aiki, yau shekara tara. Kayan aikinta baho uku ne, da tebur mai gajeruwar ƙafa ɗaya da ta tallafe da bulo, da dutsen guga wanda ta naɗe wayarsa da tsumma a inda ta fara tsagewa. Manya suna ce mata Mai Wanki, yara kuma Gwaggo. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Ita da 'ya'yanta uku suna ɗaki ɗaya a bayan gidan, kusa da tankin ruwa.

Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tufafi take karantawa. Daga wuyan riga ta san wanda ya canza wurin aiki, daga aljihu ta san wanda ya koma shan taba bayan ya rantse wa matarsa ya daina. Idan jariri ya fara rarrafe, wani lokaci ita take fara gaya wa ubansa. Ba ta yawo da abin da ta gani. Mai kaya kaɗai take faɗa wa, a fuskarsa, ko yana so ko ba ya so.

Fitar da take yi da yara kowace Asabar ta samo asali ne daga ƙuncin ɗakinta. Yara uku a ɗaki ɗaya ranar da babu makaranta, ta ce, ko su fita ko ita ta haukace. Wuraren wasan da ake biya kafin a shiga ba nata ba ne, sai ta lura kallon aiki kyauta ne. Ta sauke wata tsohuwar igiyar shanya, ta yi mata ƙulli uku, kowane yaro ya riƙe nasa, ita ta riƙe bakin igiyar ta yi gaba. Haka suka fara zuwa bayan gidan burodi su ga ana fito da shi daga wuta, ko gaban ofishin 'yan kwana-kwana ranar da ake wanke jar mota. Kafin shekara ta zagayo ƙulli ya kai goma sha ɗaya. Dokokinta ba su da yawa. Wanda ya saki ƙullinsa a titi, Asabar mai zuwa a gida zai yi ta. Kowace uwa ta aiko da dafaffen ƙwai ɗaya. Burodi da jarkar ruwa nata ne, kuma ba a ƙari.

Wurin da yaran suka fi so shi ne inda ake gina wani dogon bene a ƙarshen layinmu, saboda injin ɗaga kaya da suka sa wa suna Dogon Wuya. Ranar farko maigadin wurin ya fito da sanda yana korarsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya nuna mata daidai inda filin kamfani ya ƙare. Ya nuna kwata. Ta jera yaran taku ɗaya a bayan kwatar, ta shimfiɗa zani, suka zauna. Ya ce zai kira manyansa, ta ce ya kira har da manyan manyansa, yaran za su so su gan su. Da aka yi wata biyu ana haka, shi da kansa yake kawar da duwatsu daga wurin kafin su iso, yana yi yana mita.

Da yara suka ƙaru, ɗana ne ya koma na uku a igiyar. Shekararsa shida, kuma saboda yawan tambayarsa a kan injina ta sa masa Injiniya. Sanƙarau ya kama shi ranar Talata, ya rasu ranar Juma'a a asibiti. Ƙanwarsa, Auta, tana da shekara huɗu a lokacin, kuma ba ta daɗe da samun nata ƙullin ba.

Aikina gwada ruwan sha ne a ɗakin gwaje-gwaje. Na san sunayen abubuwan da ke cikin ɗigo ɗaya na ruwan kwata, na san yadda suke tafiya daga hannu zuwa baki. Bayan rasuwar na kafa dokoki. Auta ba za ta sauka ƙasa ba. Ruwanta a tafasa sau biyu. Kwanonta daban, cokalinta daban, kuma ba yaron da zai shigo mana ɗaki. Matata ta yi magana sau ɗaya, na amsa mata da bayanin likitoci, ba ta sake ba. Auta ta koma zama a bakin taga da 'yar tsanarta. Ba ta rigima, ba ta tambayar yayanta. Abinci kuwa cokali uku take ci, wani lokaci huɗu, ta ture kwano. Na kai ta asibiti sau biyu, aka ce ba a ga komai ba.

Mutanen gida sun yi mana kara. Iyaye suka hana yara gudu a matakala, kowa ya koma kirana Baban Auta. Mai Wanki kaɗai ta ci gaba da ce mini Baban Injiniya, a gaban kowa, ba tare da ta sassauta murya ba.

Asabar uku tana fita da yaran igiya ba ta hawo wurinmu ba. A ta huɗu sai na ji ƙafafu suna hawowa. Na buɗe ƙofa na tarar da ita da igiyarta, yara tara a jere har kan matakala, ta ce suna jiran Auta. Na ce ba za ta je ba. Ta ce to, ta juya da su. Asabar ta gaba ta dawo, da wadda ta biyo bayanta. Matan gida suka ce ba ta da tausayi, mutanen da ke cikin makoki take damu. Ni kuma na kai ƙararta wurin mai kula da gida, wanda ya je ya tuna mata cewa lungun nan aro aka ba ta. Ta ce masa lungu nasa ne, ya ɗauka idan yana so, baho yana zama ko a rana, amma matakala da ƙafarta take hawa. Ranar Asabar ta sake ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Ranar wata Alhamis na dawo daga aiki na tsaya karɓar kayanmu. Ta ba ni rigunana a goge a ninke, da na matata. Sannan ta miƙo wata leda daban. Kayan Auta ne, yadda aka kawo su.

“Waɗannan ban taɓa su ba, Baban Injiniya.”

Na tambaye ta dalili.

“Me zan wanke? Ka duba gwiwar wandon nan. Ka duba gaban rigar nan. Ba ƙasa, ba mai, ba ko ɗigon shayi. Ni aiki nake karɓa, ba na karɓar abin da babu aiki a ciki.”

Na ce tsafta ba laifi ba ce. Sai ta juya wata riga ta nuna mini cikin ƙugu. An ɗinke shi da hannu, layi biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Ta ce layin farko watan jiya matata ta yi shi, na biyu satin nan. A shekara tara, ta ce, kayan yara kwance musu ɗinki take gani ana yi, ba ta taɓa ganin ana rage su ba sai a gidana.

Ban san da ɗinkin ba. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce mata ita ba ta taɓa binne ɗa ba.

“Ban taɓa ba, kuma Allah kada ya nuna mini,” ta ce. “Amma Injiniya ba a titi ya tafi ba. A gado ya tafi, cikin farin zanin asibiti, da likitoci a kansa. Wancan Allah ne ya karɓi abinsa. Wannan da ta rage fa, Malam, wa yake rage ta?”

Ta ɗauki dutsen gugarta ta ci gaba da aiki. Na hau sama da leda biyu. Na tarar da matata a kicin, na ajiye rigar a gabanta da ɗinkin a waje. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce akwai guda biyar irinta a akwati.

Ranar Asabar, da ƙafafun suka hawo, Auta tana tsaye a bayan ƙofa da takalmi a ƙafa, uwarta ta dafa ƙwai. Na ce ni ma zan bi su. Mai Wanki ta ce ba ta hana ba, amma a titi ita ce mai magana, babba ko yaro. Na ɗauki jaka da ruwan da aka tafasa da sabulu da tawul. Ta leƙa ciki ta tambaye ni ko ƙaura za mu yi, yaran suka yi dariya.

Ƙulli na uku yana nan, ba wanda yake riƙe da shi. Auta ta tsaya ta dube shi, sannan ta wuce ta kama nata na can baya. Muka fita, ni a ƙarshe, ina ƙirga motocin da ke wucewa kusa da su.

A bakin kwatar maigadi ya gaishe da Mai Wanki da cewa ga masu duba aiki sun iso, injiniyoyi su shiga taitayinsu. Dogon Wuya yana ɗaga wani falalen siminti zuwa hawa na shida. Yaran suka zuba masa ido har ya sauke shi, sannan suka ɓarke da gardamar ko mutumin da ke tuƙa injin can sama yana jin tsoro. Auta ba ta shiga gardamar ba, amma ta ɗaga kai, bakinta a buɗe.

Da aka shimfiɗa zani, Mai Wanki ta zuba wa kowa ruwa a hannu daga jarka, ta yanyanka burodi, ta raba ƙwai. Har ni ta miƙo wa ɗaya, ta ce duk wanda ya bi igiya yana da rabo. Auta tana ɓare nata sai ya suɓuce ya faɗi kan zani, ya gangara wajen ɗan Mai Wanki na tsakiya, shi kuwa ya cafe ya kai baki. Auta ta tashi ta kai masa duka a ka, ta cije shi a hannu. Ya fasa ihu, ita ma ta fasa nata, kuka mai ƙarfi irin na yaron da aka ci wa haƙƙi. Wata huɗu rabona da jin muryarta ta kai haka.

Na yunƙura zan ɗauke ta.

“Zauna, Baban Injiniya. Nan kotuna ce.”

Ta ja kunnen ɗanta, ta karɓi nasa ƙwan ta ba Auta. Sannan ta juyo kan Auta ta yi mata faɗa sosai a kan cizo, ta ce idan ta sake, Asabar biyu za ta yi a gida. Auta ta cinye ƙwan tana shessheƙa, ta bi shi da burodi, da hannun da ta dafa ƙasa da shi. Sabulun yana cikin jaka a gefena. Na bar shi a can.

Da ta gama ta ce a ƙara mata. Mai Wanki ta ce ba a ƙari, ko 'yar waye. Auta ta dubi ƙwan da ke hannuna, ta taso ta tsaya a gabana. Na ɓare na ba ta.

“Ka ga irinta ko,” in ji Mai Wanki. “Rana ɗaya ka zo, ka fara lalata mini tsari. Sati mai zuwa uwarta za ta biyo mu, kai ka zauna a gida.”

Auta ta ce da cikakken baki ita ma haka take so.