Bindigar da Ta Ƙi Magana Ran Juma'a

Maƙwabtanmu a Badariya Kiristoci ne, mutanen Filato, mijin yana gyaran injin ban ruwa. Duk ƙarshen shekara 'ya'yansu kan sayo ɗan abin nan mai kama da ashana, su ƙyasta su jefar, ya fashe. Ƙarar ba ta damuna. Warin ne. Shekaranjiya ina zaune ina tsince shinkafa, hayaƙin ya tsallako katanga ya shiga hancina, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da aka jefa a wuta, sai na ajiye faifan. Na san warin nan tun ina 'yar shekara takwas ko tara a gidanmu na Gulma. Albarushi ne.

Babana manomi ne, shinkafa a fadama da damina, albasa da rani. Bai taɓa farauta ba, ko zomo bai taɓa kawowa gida ba. Amma wata shekara da kaka, an gama yankan shinkafa ana jido, ɓarayi suka matsa wa unguwarmu. Da tsakar rana suke zuwa, lokacin da kowa yana fadama, gida ba kowa sai tsofaffi da kaji. Suka buɗe rumbun maƙwabcinmu suka ɗora wa jaki. Bayan kwana kaɗan suka kwance tumakin Inna, mahaifiyarmu, guda biyu daga turke. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Ya ce bindiga zai nema.

Kakata, uwar Baba, ta dube shi ta ce, “Kai da ko kaza in kana yanka sai ka kau da kai?” 

Maƙerin garinmu tsoho ne, hannuwansa duk tabon wuta, ido ɗaya tartsatsi ya taɓa shi ya yi fari. Lauje da fartanya da mashin kamun kifi su ne aikinsa, bindiga kuwa jefi-jefi yake ƙerawa. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wani ba. Ba ya yarda mutum ya je maƙera ya zaɓi bindiga. Shi zai kawo ta gida, ya ce sai ya ga inda za ta zauna.

Ya zo da hantsi, ɗauke da tabarma a naɗe. Ya shimfiɗa ta a zaure, sai ga bindigogin toka guda uku, ba ɗuri a cikinsu. Ni ina bayan asabarin ƙofar shiga gida, na sa ido a wata kafa da na daɗe da sani. Ɗaya gajera ce, ba ta fi hannun babba ba, an yi wa ƙotarta ado da jan ƙarfe. Ɗaya matsakaiciya. Ta ukun doguwa ce baƙa, ba ado ko ɗaya, in an tsayar da ita sai ta kusa kai kafaɗar Baba.

Hannun Baba bai je ko'ina ba sai kan gajerar. Ya juya ta, ya ce wannan ko ƙarƙashin tabarma ta shiga.

Maƙeri ya ce, “Kirawo min ɗiyanka maza.”

Aka kira yayyena biyu da ƙanena. Maƙeri ya ce kowa ya ɗaga kowace bindiga ya miƙe ta kamar zai harba. Gajerar har ƙanena ya ɗaga yana dariya. Maƙeri ya karɓe ta ya mayar cikin tabarma. Matsakaiciyar babban yayana ya riƙe ta daram, har ya kai yatsa ga kunama. Ita ma aka naɗe. Doguwar kuwa ba wanda ya iya tsayar da bakinta, sai ta rinjaye su ta duƙa ƙasa.

“Wagga ita at taka,” in ji maƙeri.

Baba ya ɓata rai, ya ce ai wannan kafin mutum ya ɗaga ta ɓarawo ya kai Argungu. Maƙeri ya ce shi ma abin da yake so ke nan, ɓarawo ya kai Argungu. Ya ce doguwa ta fi ƙara, kuma mai jin zafi kafin ya gama ɗaga ta ya ga fuskar wanda ke gabansa. Kakata daga cikin gida ta ce, “Awo.” Magana ta ƙare.

Ni ba a kira ni ba. Ban ji haushi ba a lokacin, don ba a kiran mace a irin wannan. Amma ku sani, duk yaran gidan nan ba wanda ya kai ni son ganin cikin abu. Na taɓa farke layar ƙanena don in ga abin da aka ɗinke. Na taɓa fasa ƙwan agwagwa in ga ko ɗan ya yi ido.

Maƙeri ya bar wa Baba ɗan gora mai murfin itace, cike da albarushi, ya kuma kafa masa doka. Ƙasarmu ƙasar laima ce, ɗuri in ya daɗe a cikin bindiga sai ya yi sanyi. Don haka duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya fito ƙofar gida ya harba tsohon ɗurin sama, ya zuba sabo. Da haka ɗuri ba zai lalace ba, kuma duk wanda ya zo Juma'a daga ƙauyuka zai koma da labarin gidan nan akwai bindiga.

Haka aka yi. Juma'a uku a jere ƙarar ta tashi, tantabaru suka watse, hayaƙi ya rufe ƙofar gida. Sata ta tsaya cak a unguwar. Maƙwabta suka riƙa taruwa kallo, Baba har wata tafiya ya koma yi.

Ni bindigar ba ta dame ni ba, na ga iyakarta, ƙarfe ne da itace. Abin da ya hana ni sakewa shi ne goran. Ta yaya abin da ake zubawa kamar garin kuka zai yi tsawa? Wuta ce a kwance a ciki? In wuta ce, me ya hana ta cin goran?

Wata Alhamis kowa ya tafi fadama, Kakata tana barcin rana. Na mirgina turmi zuwa ɗakin Baba, na kifa shi, na hau, na sauko da goran daga ƙusar da yake rataye. Ɗakin da duhu, sai na fita da shi bayan ɗaki, wurin da kaskon ruwan agwagi yake. Na zuba kaɗan a tafin hannu. Baƙi ne, tsaki-tsaki, ba zafi. Na shinshina. Na ɗanɗana da bakin harshe, na ji gishiri-gishiri da ɗaci. Ina cikin wannan nazari toron agwagwarmu, wanda ya saba in ba shi tsaba a hannu, ya miƙo wuya ya kai min sara. Na zabura. Goran ya suɓuce, ya faɗa kaskon da bakinsa a buɗe.

Kafin in tsamo shi ruwa ya zama baƙi ƙirin. Abin da ya rage a ciki ya koma taɓo.

Ban yi kuka ba. Na zubar da ruwan, na wanke goran, na shanya shi a kan danga. Ina tsaye ina kallonsa sai na tuna inda na taɓa ganin abu baƙi tsaki-tsaki. Irin albasar Baba, wanda ke cikin tukunya yana jiran lokacin yafi. Duk wanda ya tashi a gidan masu albasa ya san kamarsa. Na ɗebo, na murza gawayi na cuɗa da shi har ya daina sheƙi, na cika goran, na mayar da shi ƙusa, na mayar da turmi.

Washegari Baba ya harba tsohon ɗurin, ƙara ta tashi kamar kullum. Sannan ya karɓi goran ya tuntsura a bakin bindiga. Idonsa yana kan mutane, yana amsa barka. Mutumin da ya shekara talatin yana yafa irin nan da hannunsa, ya ɗura shi a bindiga ya danna da sandar ƙarfe bai duba ba.

Kwana bakwai gidanmu da unguwarmu suna dogare da irin albasa, ni kaɗai na sani. Tsoro ya kama ni, ba na musu. Duk jakin da ya wuce bayan danga sai in zaci ɓarayi ne. Amma in faɗa muku gaskiya, akwai abin da ya fi tsoron cin raina. Cikin bindigar da duhu, da laima. Ina ta tunani ko irin zai tsiro. Sau biyu ina leƙa bakinta ko zan ga kore. Yau in na tuna na sa idona a bakin bindiga, sai in ce Allah ne ya kiyaye.

Juma'a ta zagayo. Mutane sun fi na kullum, har da baƙi. Baba ya ɗaga bindiga, ya ja kunama. Ƙyas. Ya gyara, ya sake ja. Ƙyas. Tantabaru na kan rumbu ko motsi ba su yi ba. Taubashin Baba, wanda ba ya raga masa ko a wurin makoki, ya ce, “Ɗan'uwa, ko azumi taka yi?” Aka fashe da dariya.

Baba ya saɓa bindiga, ya ɗauki goran, ya nufi maƙera, jama'a na biye da shi. Na bi su daga baya. Tun daga nesa yake faɗa, wai an sayar masa da muciya, an kunyata shi gaban baƙi, yanzu duk ɓarawon ƙasar nan ya san gidansa a buɗe yake.

Maƙeri ya karɓi bindigar. Ya sa wani ƙarfe mai murɗaɗɗen baki ya zaro tsumman ɗurin, ya karkata bindigar a tafin hannunsa. Ya kai abin kusa da idonsa mai gani. Ya hura, ƙurar gawayi ta tashi. Ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori.

“Wanga irin albasa na,” ya ce.

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Fuskar Baba ta canza. Ya ce to ai goran daga hannun wa ya fito? Ashe albarushin a sama kawai aka barbaɗa, ƙasa duk iri ne. Ya ce ran kasuwa sai ya tsaya ya gaya wa kowa, kada wanda ya ƙara kawo ko lauje wurin macuci. Dariya ta ɗauke. Na ga wasu sun fara kallon tsohon da wani ido. Shi kuwa yana tsaye da iri a hannu, bakinsa na motsi, bai san ta inda zai fara rantsuwa ba. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da jirgin kamun kifi. Yardar mutane ita ce abincinsa.

Na ratsa tsakanin ƙafafun manya. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

“Baba, ni na. Agwagwa ta sare ni, ya faɗa ruwa.”

Ba wanda ya gane sai da na faɗa tun daga turmi. Baba ya dubi maƙeri. Sannan ya cire hularsa, ya durƙusa gaban maƙeri a cikin toka, gaban duk mutanen da ya tara, ya nemi gafara. Ban taɓa ganin babana a ƙasa ba sai ranar.

Maƙeri ya ɗaga shi. Ya juyo gare ni ya ce me nake nema a cikin goran. Na ce ina so in ga inda wutar take ɓoye.  Sai ya ce da Baba, “Na auna ɗiyanka maza da bindiga. Ban auna kowa da gora ba, kuma ban tambayi mata ba. Rabin laifin nawa na.”

Ya shiga ciki ya ɗebo albarushi ɗan mitsitsi, ya zuba a kan uwar maƙera, ya ɗora gashin kaza a kai. Ya ce in ja baya. Ya ɗauko garwashi da awartaki ya taɓa. Fuu! Haske ya kashe min ido, zafi ya mari fuskata. Da hayaƙin ya wuce, gashin babu shi. Ya ce da bayan ɗakin nan murhu ne maimakon kasko, da haka fuskata ta yi. Ya ce, “Kin gani?” Na ce na gani.

A gida an doke ni, kuma na ci dukan da haƙƙinsa. Daga ranar goran ya koma maƙera. Duk Juma'a tsohon ya tako da kansa ya yi ɗurin, har ƙarfinsa ya ƙare. Bindigar ta tsufa a gidanmu ba ta taɓa jinin kowa ba.

Yanzu zamani ya juya. Masu zuwa gidajen mutane ba da jaki suke zuwa ba, kuma ba rumbu kaɗai suke nema ba. Ban ce tsoron mutane na banza ba ne. Ɗana da nake zaune wurinsa ya shigo kwanan baya da hotuna a waya, yana nuna wa matarsa irin bindigar da zai nemi lasisinta wurin hukuma. Duk gajeru ne, masu sauƙin ɗauka. Ba mai sayarwar da zai zo ya ga gidan. Na tambaye shi inda zai ajiye ta. Ya ce a durowar ɗakinsa, a kulle, makullin kuwa ko matarsa ba ta san inda yake ɓoye shi ba.

Ban yi gardama da shi ba. Na kira 'yar autarsa, mai shekara shida, na ce ta je ta kawo min makullin durowar babanta. Ta ruga. Kafin ya rufe baki ta dawo da shi a hannu, ta ce a cikin tsohon takalminsa yake, na hagu.

Ya karɓi makullin ya daɗe yana juya shi. Har yau bai sake ta da maganar a gabana ba, ni ma ban tambaye shi ba.