Wanda Zai Karɓi Shebur

Mijina Asgedom ya haura shekara saba'in ana ce masa yaro, kuma yana amsawa. Mutum ɗaya ne ke kiransa haka, Aboy Romodan direban jirgin ƙasa (Aboy a yarenmu shi ne Baba), sai dai shi ɗin in ya buɗe baki a tasha, har masu tumatir a kasuwar garinmu Ginda sai sun ji.

A aikin jirgi ba a tsallake na gaba. Yaro zai shiga loko, rumfar da ake ajiye kawunan jirgi, da tsumma, ya yi shekaru yana goge kan jirgi. In ya yi haƙuri a ba shi shebur ya zama mai wuta, yana zuba kwal direba na tuƙi. Daga nan sai jira, don mai wuta ba ya hawa sai direbansa ya sauka. Ko ya sauka ɗin ma akwai sharaɗin da tsofaffi suka kafa tun zamanin Italiyawa: ba ka sakin shebur sai ka kawo wanda ka koya wa da hannunka ya karɓa.

Na aure shi yana mai wuta. Ban taɓa ganinsa da gira cikakkiya ba, kullum wuta ta lashe rabi. In na wanke rigarsa, ruwan sai ka ce na rini. Na ce masa, "Kai kam da gawayi aka haɗa ni aure." Ya ce, "Letay, saura kaɗan. Ran da na zama direba farar riga zan sa." Kowane direba yana da irin busar usur ɗinsa, yadda matarsa za ta ji tun daga bayan dutse ta ɗora tukunya. To shi mijina tun bai da usur ya tsara tasa busar. Da baki yake yi, a banɗaki, doguwa ɗaya da gajeru biyu. Maƙwabta har sun haddace.

Kuma da gaske ya kusa. An ce za a mai da Aboy Romodan Asmara, mijina kuma ya riga ya koya wa wani saurayi wuta. Sai yaƙi ya yi zafi, aka rufe layi. Saurayin ya shiga daji wajen mayaƙa bai dawo ba. Ƙarafan dogo aka yi ta tumɓuke su, wasu aka rufe ramukan yaƙi da su, wasu aka yi rufin ɗaki. Kawunan jirgi aka kulle su a loko, tantabaru suka samu gida. Asgedom ya dawo da sheburinsa a kafaɗa, ya rataye shi bayan ƙofa, ya nemi aikin hura wuta a gidan burodi. Shekara da shekaru yana shafa wa sheburin nan mai. Wata rana na ɗauka zan kwashe toka, sai da muka kwana uku ba ya cin injerar da na gasa.

'Yarmu Mihret ita ma daji ta shiga tana budurwa. Ta dawo bayan yaƙi da wando da guntun gashi da tabo a wuya, magana kuma sai ka ja ta da igiya. Ta auri wani da suka yi daji tare, uwarsa ta ce tana son suruka mai durƙuso, Mihret ta ce gwiwarta ta manta. Auren bai kai ko'ina ba, ta dawo ɗakinta na da. In an yi baƙi ta fita, in sun tafi ta shigo.

Wata safiya rediyo ya ce tsofaffin ma'aikatan jirgi su fito, za a tashi layi. Ku zo ku ga ikon Allah! Tsofaffi da sanduna, wani ba haƙori, wani jikansa ke riƙe da shi, duk sun nufi tasha sun sa tsofaffin hulunansu. Na ce a raina, yau kam mijina zai hau, ai direbobin da duk ƙasa ta rufe su. Muna isa sai na ji murya daga ƙarƙashin bishiya.

"Yaro! Ina sheburinka?"

Aboy Romodan ne, ya wuce tamanin, yana zaune daram kamar jiya aka tashi aiki. Mijina da furfurarsa ya cire hula ya ce, "Ga shi, maigida."

Na ce, "Aboy, kai ba ka da niyyar mutuwa ne?"

Ya ce, "Ina mutu wa zai riƙa ganin haushinki, Letay?"

Haka suka koma, kowa inda aka bar shi. Suka kori tantabaru, suka kankare tsatsa, wanda ya ɓoye ƙusa a gida ya kawo, wanda ya yi rufi da ƙarfen dogo ya sauke. Layi ya riƙa hawa dutse a hankali daga Massawa, ya iso mu, ya wuce mu. Turawa masu kyamara suka fara zuwa, su biya kuɗin jirgin sama don kawai su shaƙi hayaƙin da na shekara arba'in ina wankewa. Aka ce in layi ya kai Asmara za a yi biki, a fito da duk kawunan jirgin da suka tashi, a jera su.

Ni kuwa abin da nake gani daban. Bayan Asgedom ya fara ƙi. A tasha yana miƙe kamar sanda, yana shigowa gida sai ya dafa bango. Ina gasa masa da gishiri mai zafi a tsumma, yana cije leɓe yana cewa kada in faɗa wa kowa. Ya san in likita ya ji, gida za a turo shi, ya mutu yana mai wuta. Busar nan tasa ta tafi kabari ba ta taɓa fita daga usur ba.

Na tare Aboy Romodan a hanyar masallacinsu na ce ya ji tsoron Allah ya sauka. Ya ce, "Ni ai na gaji, ido na ruwa yake yi. Ya kawo mai karɓar shebur, gobe in ba shi wuri. Ba ni na kafa sharaɗin ba, ba kuma ni zan karya ba."

Samari sun zo, ba su ƙi zuwa ba. Sai dai kowanne ya yi kwana biyu gaban wuta sai ya tuna yana da kawu mai tirela. Wanda ya ɗan daure kuma mijina ne ke korarsa da hali, don yaro bai gama ɗaga shebur ba ya fizge yana cewa ba haka ake yi ba.

Lokacin Mihret tana cikin masu zuba tsakuwa a layi, don yawancinsu 'yan dajin ne. Na kai mata abinci wata rana, na tsaya daga nesa ina kallo. Tana ɗiban tsakuwa ta watsa ba ta ko duba, kuma inda ta nufa nan take sauka. Maza biyu sun zauna hutu, ita ba ta tsaya ba. Na ajiye kwanon na koma gida ina lissafi.

Ran Lahadi bayan coci na gayyaci Aboy Romodan shan gahawa. Na soya 'ya'yan gahawar a gabansu, na kai wa kowa ya shaƙi ƙamshi, na sa turare, na zuba gugguru. Na ce Mihret ta zauna ta riƙe mini mafici. A al'adarmu wanda ya karɓi kofin farko ba ya tashi sai ya sha na uku, ko gidansa ke ci da wuta. Sai da na ga kowa ya kurɓa sannan na ce, "Aboy, ga mai karɓar shebur nan."

Asgedom ya waiga ƙofa yana neman wanda ya shigo. Da ya gane, sai ya dire kofi.

"Mace a kan jirgi? Letay, kanki ɗaya?"

"Ɗaya ne, shi ya sa yake aiki. Naka da ke cike da hayaƙi me ya kawo mana?"

Aboy Romodan bai kula mu ba. Ya dubi Mihret ya ce, "'Yata, kin taɓa tsayawa gaban wuta?"

Ta ce, "Wace iri, Aboy?"

Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Mijina bai yi ba. Ya yunƙura zai tashi, na ce, "Zauna, saura kofi biyu." Ya zauna. Sai a kofi na biyu ya faɗi abin da ke ransa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce wutar nan ta ci masa gira, ta ci masa baya, kuma na ƙarshe da ya koya wa bai sake ganinsa ba. Ba zai miƙa mata 'yarsa ba.

Na ce, "Wadda ta fi wannan ta ɗauke ta ba ta nemi izininka ba, kuma ga ta ta dawo. Wannan ko ba komai kana tsaye kusa da ita."

Na zuba na uku. Mihret ta ajiye mafici, ta je bayan ƙofa ta sauko da sheburin nan da ni ban isa in taɓa ba. Ta jinjina shi ta ce, "Ƙotar ta yi mini tsawo."

Asgedom ya ce, "Ba a taɓa ƙotar. Hannunki za ki gyara."

Aboy Romodan ya shanye kofinsa ya ce, "To, an fara darasi."

Watannin da suka biyo baya gidana ya koma loko. Mijina ya jingina tsohon bokiti a bango, tana watsa yashi ciki daga nesa, yana ihu: ban da tsakiya, kusurwa-kusurwa, kaɗan-kaɗan! Su yi faɗa a tasha, su ƙarasa a kan tiren abinci. Ya fizge shebur, ta fizge abinta, don wannan ba irin samarin da yake kora ba ce. Wata yamma ta shigo ba gira ko ɗaya. Ta dubi madubi, ta dubi ubanta, sai ta fashe da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ta tafi daji. Na shiga kicin na yi kamar albasa ce.

Ranar biki tashar Ginda ba masaka tsinke. An ɗaura wa kan jirgi ganyen dabino, mata na guɗa, masu ganga na yi, Turawa sun hau kan katanga kamar birai. Asgedom ya fito da farar riga. Aboy Romodan ya hau, ya shafa ƙarfen da ake ja a saki tururi, ya sauko ya ce, "Hau, Asgedom." Karon farko ke nan da na ji sunan mijina a bakinsa.

Ni da Aboy Romodan muka tsaya a barandar taragon farko, daf da kan jirgi, muna ganin uban da 'yar. Ashe tsohon nan tunda yake bai taɓa shiga jirgi a matsayin fasinja ba. Da muka fara hawa, ya leƙa ya ga kwari can ƙasa da gajimare a cikinsa, sai ya damƙe ƙarfe.

"Letay, dama haka ramin nan yake da zurfi?"

"Shekara nawa kana ratsa shi?"

"Ni gaba nake kallo!"

Bayan tashar Nefasit hawan ya yi tsanani. Na ji numfashin jirgi ya canza, yana ja da ƙyar, har yara masu sayar da beles, 'ya'yan itacen nan masu ƙaya, suna tafiya a ƙasa suna daidai da mu. Aboy Romodan ya ce tururi ya sauka. Na ga mijina ya dubi wuta, ya dubi Mihret, ya sake duban wuta. Sai ya saki ƙarfensa ya miƙa hannu wajen shebur.

Aboy Romodan ya ce a hankali, "In ya karɓa, ya koma yaro." Bai yi ihu ba, shi da ihu ne sana'arsa.

Mihret ba ta saki ba. Ta ce wa ubanta, da ƙarfin da har mu muka ji, "Aboy, koma wurinka. Kai gaba za ka kalla."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Sannan ya janye shi, ya juya, ya kama ƙarfensa, ya sa ido a layi. Ita kuma ta buɗe ƙofar wuta ta shiga watsawa, kusurwa-kusurwa, kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. Hayaƙi ya yi baƙi, ya koma fari-fari. Jirgi ya yi tari, ya ja, ya sake ja, masu beles suka fara gudu, muka bar su a baya.

Da muka fito daga ramin dutse na ƙarshe, rufin Asmara ya bayyana, sai na ji ta. Doguwa ɗaya, gajeru biyu. Duwatsu suka amsa. Aboy Romodan ya ce, "Wannan wace irin busa ce kamar ta mai kiran akuya?" Yana faɗa yana share ido da hula.

Asgedom ya yi tuƙi shekara biyu kafin bayan ya kwantar da shi, kuma farar rigar ba ta kai azahar ba ranar farko, ni na san wankin da na sha. Yanzu yana zaune a ƙofar gida, in jirgin Turawa masu kyamara ya taho yana gane wutar 'yarsa tun daga launin hayaƙi. Kwanan baya ta tambaye shi yaushe ita za ta hau. Ya ce, "Kin kawo mai karɓar shebur?"

Ta ce akwai wata a cikin masu tsakuwa. Na ce ta gayyato ta ran Lahadi, ina da gahawa.